Hanyar Tsingaro a Gidan Inna Ladidi

Ku ajiye abin da ke hannunku ku matso nan, ku 'yan matan gidan nan. Jiya ina zaune a bakin ƙofa na ga Hajara ta kwashe fasasshiyar tukunyar fure, ta caccaka gutsattsarin a ƙasa gindin gwanda, ta tattaka da ƙafa, ta karkaɗe hannu ta ce, "Iya, ashe sana'ar taki ke nan? Ai kafin ruwan shayi ya tafasa na gama." Kuka yi dariya, ni ma na taya ku. Da gari ya waye kaza ta tone shi tas. To, tunda kun ce ba wuya, sai ku zauna ku ji yadda ake yinsa, daga bakin wadda ta ci abinci da shi a cikin birnin Zazzau tun iyayenku suna goye.

Aikina na farko ba daɓe ba ne, tsinta ce. Mun taso daga ƙauye ni da kakanku, Allah ya ji ƙansa, muka sauka a Ƙofar Jatau wajen ƙanwar mahaifinsa, Goggo Kande. Shi maginin ƙasa ne, ita kuma mai daɓe: idan ya ta da bango ya rufe ɗaki, ita ke shiga ta gyara inda ƙafa za ta taka. Matan birni suna kulle, mu kuwa mutanen ƙauye ba mai tsare mu a gida, sai aikin ya faɗo hannunmu. Ranar da na ce ina so in koya, Goggo ta miƙo mini tsohon kwando ta ce, "Bi bayan gidaje, bi bola, bi gindin ganuwa. Duk abin da aka gasa da wuta ya fashe, kawo." Wannan gutsuren fasasshiyar tukunya shi ake kira tsingaro. Na cika kwando na kawo ina taƙama. Ta juye a ƙasa, ta sa yatsan ƙafa tana tonawa, tana cewa, "Wannan na miya, wannan na miya, wannan ma na miya. Ke 'yar nan, tsakar gida aka ce mu yi ko taushe?" Ashe tukunyar miya ta sha mai, ƙasa ba ta riƙe ta, ruwan farko zai tofar da ita waje. Na randa ake so a inda ake yawan takawa, don kaurinsa. Na tulu, da yake siriri ne, a gefe-gefe. Har rani ya fita ina tsinta ina warewa, ban taɓa madaɓi ba.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu sabo a cikinsu. Akwai madaɓi na icen ƙirya, wanda hannun Goggo ya cinye masa mariƙi har ya yi santsi. Akwai tsohuwar fartanya da manomi ya yar don bakinta ya ƙare. Akwai karyayyen ɗan dutsen niƙa, da garwar kananzir, da tsumman buhu na ɗaure gwiwa. Sai makuba, wato kwasfar ɗorawa, da ake jiƙawa har ruwan ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Za ki tone wurin, ki zuba marmara, ki shimfiɗa kwaɓaɓɓiyar jar ƙasa, sannan ki durƙusa ki fara dasa tsingaro a tsaye, gefensa sama, ɗaya jingine da ɗaya, layi bayan layi kamar mai kitso. In kin gama ki daka. In ya sha iska ki goge bakinsa da dutse har sai jariri mai rarrafe zai haye bai ƙuje ba. Sai ki yayyafa makuba, ya bushe, ki ƙara.

Ranar da Goggo ta fara ba ni madaɓi, a wani gida ne kusa da kasuwa. Na fara bugawa a hankali. Ta ce, "Lallashinsa kike yi? Ba jariri ba ne." Na ɗaga na maka da ƙarfina, tsingaro ya tarwatse har cikin idon uwargida. Goggo ta ce, "Kuma ba ɓarawo ba ne." Da muka gama ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta kwarara a tsakiya, muka tsaya muna kallo. Ruwa ya tafi, ya tafi, ya nufi rariya, sai ya tsaya a wani ɗan kwari da idona bai gani ba. Ta nuna da haɓa ta ce, "Tone." Na tone aikin wuni guda ba ta ko dube ni ba. Daɓen da bai kai ruwa rariya ba zai kai shi gindin bango, bangon kuwa na ƙasa ne, kuma mutane na kwana a bayansa.

Wata Hajiya a Kusfa ta kira ni don tangaran ɗinta da ta zo da shi daga Makka ya faɗo ya fashe, ta ƙi yarda a zubar. Na dasa mata shi a bakin ƙofar ɗaki, tana tsaye a kaina tana cewa, "Furen sama, Tabawa, furen sama! Kada ki binne mini Makka." Matar da ba ta fita, tsakar gidanta ita ce kasuwarta, ita ce gonarta, don haka ba ta wasa da ita. Daga daɓe sai su riƙa jawo mini tarkace daga ƙarƙashin gado. Tasa ta huje, in cika ta da taki a shuka ɗoɗɗoya. Tulu ya tsage, in binne shi gindin lalle, a riƙa cika shi yana tsatsa a hankali. Randa ta rabu biyu, ta zama ɗakin kaza mai kwanci. Tukunya ta rasa gindi, in manna ta a kan katanga tattabaru su shiga. Garwa ta yi tsatsa, kakanku ya yanke ta ya naɗe, ta zama indararo. In na tashi a ba ni tuwo da goro da abin da ya sauwaƙa, a raka ni har soro ana sa mini albarka.

Ana nan, ana nan, sai shekarar fari ta zo, wajejen lokacin da aka canza kuɗi aka bar sule da fam. Damina ta yi rowa, rijiyoyi suka ja baya, guga ya riƙa dawowa da laka. Daɓe kuwa ruwa yake sha kamar raƙumi. Wa zai zuba ruwa a ƙasa alhali tuwo na jira? Tsingaro ma ya yi wuya, domin a shekarar nan ba mai yar da tukunya, in ta tsage a liƙe ta da ƙaro a ci gaba. Madaɓi ya zauna a bayan ƙofa gizo-gizo ya yi masa saƙa. Na koma surfe da daka a gidajen da nake yi wa daɓe. Aiki ɗaya tak na yi a shekarar nan, kuma shi ne nake so ku ji.

Wata mata mai suna Asabe ta aiko a kira ni gidansu a Kusfa. Mijinta ƙaramin ɗan mai gidan ne, yana fatauci, ita ke zaune da uwar mijin, Inna Ladidi. Inna ta tsufa, mijinta ya rasu, ciwon yanar ido ya rufe mata ido biyu. An kai ta asibiti a Wusasa, sun yi iyakar yinsu, Allah bai nufa ba. A bayan ɗakinta tana da 'yar gona: lalle, yakuwa, barkono, da lemun tsami da mijinta ya dasa. Da ruwan alwalarta take shayar da su, kuma ba ta yarda wani ya kai mata. Rijiyar gidan tana cikin 'yan kaɗan da ba su ƙafe ba, sai maƙwabta suka riƙa shigowa ɗiba. Wannan ta matsar da turmi, waccan ta bar tulu a hanya, wata ta ɗage itacen da ake rufe rijiya da shi ta manta. Duk alamun da Inna ke lalube da su suka rikice. Wata safiya Asabe ta fito ta tarar da ita riƙe da buta, ƙafa ɗaya a bakin rijiya.

Labari ya kai Kaduna wajen ɗanta na fari, Malam Isiyaku, ma'aikacin ofis. Ya aiko cewa a ƙarshen wata zai zo da mota ya ɗauke ta, ta zauna a gidansa na bene inda ba rijiya sai famfo. Inna ba ta son tafiya, amma ba ta da bakin faɗa masa. Ku 'yan yanzu ba ku san wannan kunyar ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta jayayya da shi. "Mutumin Kaduna" take ce masa.

Ina yin sallama Inna ta ce, "Tabawa ce? Na ji tafiyarki, kamar ana jan turmi."

Na ce, "Ni ce, Inna. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Zo ki ga wani abu." Ta sa tafin ƙafa ta shafa bakin ƙofarta, inda akwai tsohon daɓen tsingaro tun na aurenta. Ta ce, "Nan ban taɓa ɓata ba, ƙafata ta san shi. Daga nan gaba ne ƙasa ta zama iri ɗaya. In kin iya, ki ja mini shi ya kai inda nake zuwa. In mutumin Kaduna ya zo ya ga ina kai kaina, wataƙila ya bar ni da lemuna."

Na ce, "Inna, ba tsingaro, ba ruwa."

Ta ce, "Akwai tsagaggiyar randar uwata a bayan ɗaki, fasa ta. Ruwa kuwa bar ni da shi."

Ta sa aka ajiye garwata kusa da rijiya, ta zauna a kan tabarma tana sauraren guga. Duk wadda ta ja ruwa sai ta ji murya, "Wace ce nan? Talatu? Ƙwarya ɗaya a garwa kafin ki fita." Talatu ta ce, "Inna, ashe kina gani, kike wahalar da mu?" Ta ce, "Ke ko a Kano kike zan ji ki, wannan awarwaron naki." Matan unguwa suka ƙara da ruwan wankin gero. Randar uwarta ba ta isa ba, na tafi wani kufai gindin ganuwa na tono sauran da fartanya, ƙasa ta yi tauri kamar dutse.

Hanyar ba ta fi faɗin ƙafa biyu ba. Na jera tsingaron a miƙe, yana bin inda ake tafiya, don ƙafa ta ji layin tana binsa. Inda hanya ta rabu na binne kwalba, gindinta sama, mai sanyi da santsi: daga nan reshe ɗaya ya tafi makewayi, ɗaya murhu da randar sha, ɗaya ya zaga ya bi ta gefen rijiya zuwa gona. Ita rijiyar na kewaye ta da wuyan tulu da bakin randa, a gicciye, sun ɗan taso sama, nesa da bakin yadda ko mutum ya yi tuntuɓe ba zai kai ba. Su ban goge su sosai ba, na bar musu ɗan kaifi.

Goggo Kande, lokacin ta tsufa ta daina fita aiki, ta dogara sanda ta zo dubawa. Ba ta nemi ƙwaryar ruwa ba. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure mini ido ta ce, "Je ki gona." Na tafi, na tafi, na yi karo da rumbu, goshina ya yi ƙara. Matan da ke bakin rijiya suka fashe da dariya. Inna ta ce, "Wa ya fasa mini rumbu?" Kwanar ce ta yi tsini, ƙafa ta wuce kafin ta ji layi ya juya. Na tone ta na lanƙwasa ta a hankali. Daga nan Inna ta fara bi, da farko tana riƙe da kafaɗar Asabe, daga baya ita kaɗai, har ta kai tana tafe tana jan carbi.

Ranar da Malam Isiyaku ya zo ina gidan, ina yayyafa makubar ƙarshe. Da hantsi ya iso, motar hayar ta tsaya a bakin lungu don ba ta iya shiga. Mutum ne kamili, mai sanyin murya. Ya yi sallama, ya tsuguna can nesa da uwarsa ya gaishe ta, ta juyar da kai gefe tana amsawa ƙasa-ƙasa kamar da bango take. Sai ya kwance wani ƙunshi ya ce, "Asabe, an je har ofis an gaya mini wai Inna na yawo ba takalmi a kan fasassun tukwane. Ina raye, ina ɗaukar albashi." Ya fito da takalmi sau-ciki, baƙi, mai kaurin ƙasa, irin wanda ba a samu a kasuwarmu. Asabe ta karɓa da hannu biyu ta sa wa Inna. Inna ta ce, "Ki ce an gode. Allah ya yi albarka."

Ya ce wa Asabe, "Kin aiko mini cewa yanzu tana kai kanta ko'ina. Ban ƙaryata ki ba, amma ina so in gani da idona."

Inna ta miƙe. Ga maƙwabta sun cika bakin rijiya da tuluna, kowa ya ga kyautar. Ta taka, ta taka, ta haye gindin kwalba ba ta ji ba. Ta sauka daga hanya ba ta sani ba. Ta nufi rijiya sak, takalmin ya bi ta kan wuyan tulu kamar ba komai a wurin. Asabe ta ƙwalla ihu, "Inna, rijiya!" Malam Isiyaku ya yi tsalle ɗaya ya riƙe hannun uwarsa. Ya ja ta baya ya zaunar da ita a kan kifaffen turmi, sannan ya saki hannun da sauri ya koma gefe. Can ya ce, "Asabe, haɗa mata kayanta."

Asabe ta buɗe baki za ta yi bayani, Inna ta ɗaga hannu ta hana ta. Ni ma na ajiye garwata na ja gefe. Wa zai ce wa mutum a gaban matan unguwa kyautar da ka kawo wa uwarka ita ta kusa jefa ta rijiya?

Inna ta sunkuya ta cire takalmin, ɗaya bayan ɗaya. Ta goge ƙasansa da bakin zanenta, ta haɗa su fuska da fuska. Ta ce, "Tabawa, ki gaya wa baƙon nan, wannan takalmi ya fi ƙarfin tsakar gida. Na Sallah ne. Bari in kai shi ɗaki in adana kada ya lalace. Kuma wane irin gida ne wannan, baƙo ya zo tun ɗazu ba a ba shi ruwa ba?"

Ta ɗora takalmin a ka. Ta miƙa ƙafa tana shafa ƙasa dama da hagu har yatsunta suka taɓa tsingaro. Sai ta miƙe ta tafi ɗakinta, ba lalube, ba sanda. Ta fito da kofin silba, ta taka kwalba ta juya wajen randa, ta ɗebo ruwa. Ba ta dawo nan take ba. Ta bi reshen gona, ta zo daidai rijiya, ta karkata da gangan har babban yatsanta ya taɓa wuyan tulu, ta tsaya cak, ta ja ƙafa, ta koma kan layi. Ta je ta tsinko lemun tsami ɗaya. Ta dawo ta ajiye kofi da lemun a ƙasa, inda ta ji numfashinsa, ta ce, "Ga ruwa nan, in da mai ƙishi." Ko ɗigo bai zube ba.

Malam Isiyaku bai ɗauki ruwan ba tukuna. Ya dubi ƙafar uwarsa, ya dubi ƙasa. Sai ya kwance igiyar takalminsa, ya cire safa, ya hau hanya, ya rufe ido. Ga babban mutum da babbar riga yana tafiya kamar mai koyon tata, matan bakin rijiya suna toshe baki da mayafi. Da ya kai wajen rijiya ya ɗaga ƙafa da sauri ya ce, "Kai! Baiwar Allah, wannan ai yana cizo."

Na ce, "Da gangan ne, Malam."

Ya buɗe ido ya tsaya yana kallon zoben tsingaron da na kewaye rijiyar da shi. Ya dawo ya tsuguna ya shanye ruwan. Ya ce, "Ina so a yi wa rijiyar nan marfi mai nauyi, wanda in an saki zai rufe da kansa." Na ce mai gidana zai yi shi da marfin duro da tsohuwar taya. Ya ce, "To. Kuma ki ja hanyar nan har zaure, in na zo Inna ta iya fitowa."

Inna ta ce, "Tabawa, me zan je yi a zaure? Mai son ganina ya san ƙofar ɗakina."

Sai ga muryar direba daga waje, "Malam, ina tsohuwar? Rana tana yi!" Inna ta ce, "Asabe, ɗebo lalle da lemu a ba mai mota, kada ya koma hannu wofi." Motar ta koma Kaduna da ƙunshin lalle a kan kujerar da aka shimfiɗa wa bargo.

Inna ta ga damina da yawa bayan nan a gidanta, tana shayar da lemunta da kanta. Takalmin kuma ba ta yi ƙarya ba. Duk ranar Sallah sai Asabe ta ɗauko shi ta sa mata, ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa yadda duk mai zuwa gaisuwa zai gani. In aka ce, "Inna, wannan takalmi haka, wa ya sayo?" sai ta juyar da kai gefe ta ce, "Wani mutum ne a Kaduna."